Tsiren 'Ya'yan Itatuwa Don Walimar Bazara

Gabatarwa

Duk wanda ya ji an ce tsire, nama da ƙuli-ƙuli ne za su faɗo masa a rai. Amma idan muka duba, sunan yana da dangantaka da aikatau ɗin nan "tsire", wato soke abu da tsinke ko wani abu mai tsini. Ke nan ba laifi idan kayan marmari suka ari wannan suna. A wannan 'yar maƙala zan yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda nake haɗa tsiren 'ya'yan itatuwa idan walima ta faɗo cikin zafin watan Maris ko Afrilu.

Kayan haɗi

Nakan tanadi abarba da kankana da gwanda da mangwaro da ayaba da lemon tsami, sai tsinken gora. A zaɓi waɗanda suka nuna amma ba su yi luguf ba, domin wanda ya nuna da yawa ba ya zama a tsinke. Agwaluma kuwa a bar ta, ƙwallayenta ba sa barin tsinke ya wuce.

Yadda ake haɗawa

Da farko a wanke hannu da sabulu. Sannan a wanke kayan da ruwa mai tsabta tun kafin a fere su, saboda wuƙa tana kwasar dattin ɓawo ta kai shi ciki. Kada a yanka su a katakon da aka yanka ɗanyen nama.

A yayyanka su daidai loma, kamar santimita 2 zuwa 3. Ayaba ce ta ƙarshe a yanka, don tana saurin yin baƙi. Dalili shi ne akwai wani sinadari a cikinta da ke sauya mata launi da zarar ta sha iska. Tsami yana rage ƙarfinsa, shi ya sa nake matsa mata lemon tsami nan take.

Wajen jerawa, nakan fara da abarba in rufe da abarba. Tana da ƙarfi, sai ta tokare masu laushi a tsakiya. Guda 5 ko 6 sun ishi tsinke ɗaya, a bar wurin riƙewa. Idan da yara a wurin, a datse tsinin.

Ajiya

Nan ne ake buƙatar lura sosai. Kusan kashi 92 cikin 100 na kankana ruwa ne, kuma ba ta da tsamin da zai hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Haka ita ma gwanda. Ƙa'idar masana tsabtar abinci ita ce kada yankakken kayan marmari ya wuce awa 2 a waje. Idan zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, awa 1 ce kacal, ga shi bazararmu takan wuce haka. In ba wuta, a jera tsiren a kula, a sa ƙanƙara ƙulle cikin leda don kada ruwanta ya taɓa shi. A riƙa fitowa da shi kaɗan-kaɗan, a rufe saboda ƙuda. Riga-kafi ya fi magani. Bai kamata baƙo ya ci daɗi yau, gobe ya kwana yana zawo ba.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan aji ɗaya ita ce su karɓi aikin cefanen. Su je wurin mai kankana su gaishe shi, su taya, su nemi ragi, duk da Hausa. Sunan da aka koya a gaban tire ya fi na allo zama a ka.