Wuta-wuta Tana Jin Kiran Dawa

Duk wanda ya bi hanyar Rano zuwa Kibiya a watan Satumba ko Oktoba, ya ga wasu gonakin dawa sun yi ja-ja da wani fure mai ruwan hoda, kyakkyawa ƙwarai. Baƙo daga birni yakan tsaya yana sha'awa. Mai gona kuwa in ya duba, sai gabansa ya faɗi, gama ya san rumbunsa ba zai cika ba bana. Wannan ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. Kowa ya san ɓarnarta, amma kaɗan ne suka san yadda take zamanta a ƙarƙashin ƙasa, kuma a can ne abin mamakin yake.

Mu fara da irinta. Ƙwayar irin wuta-wuta ƙanƙanuwa ce kamar garin taba, in ka zuba a tafin hannu sai ka ce ƙura ce. Tushe ɗaya tak yana iya zubar da ƙwaya 50,000, wani lokaci ma fiye. Kuma ba ta gaggawa. Tana iya kwanciya cikin ƙasa shekara 10 ko fiye, damina ta zo ta wuce, ba ta tsiro ba, ba ta kuwa mutu ba. Shi ya sa mutum yakan bar gona ta huta shekara biyu ko uku, ya dawo ya shuka dawa, ya tarar da ita tana jiransa.

Me take jira? Ƙwayar ba ta da guzuri. Ƙwayar wake ko ta masara tana da abincin da zai riƙe tsiro har ya fito ya ga rana, amma ta wuta-wuta ɗan abin da ke cikinta ba ya wuce na 'yan kwanaki. In ta tsiro ba ta sami saiwar da za ta kama ba, ta mutu ke nan. Don haka ruwan sama kaɗai ba ya tashe ta. Sai ta sha laima da ɗumi kamar mako ɗaya ko biyu, sa'an nan ta jira wani ɗan sinadari da saiwar dawa ko gero ko masara ke fitarwa. Da ta ji shi, ta san akwai mai gida kusa. Sai ta miƙa ɗan zare, ta huda saiwar, ta soma tsotsa.

Daga nan takan yi wata ɗaya ko fiye a ɓoye tana shan ruwa da abincin dawa kafin ta leƙo waje. Watau ran da ka fara ganin ganyenta, yawancin ɓarnar an riga an yi. Wannan ne dalilin da dawa ke tsumburewa, ganye ya ƙone kamar an yi fari alhali ƙasa da danshi, manomi yana ta duba sama. Ko bayan ta fito ma ba ta sassautawa. Ƙofofin numfashin ganyenta a buɗe suke dare da rana, ruwa yana ta fita, har masana da suka gwada suka tarar ganyenta ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Kamar randa take, tana sanyi saboda tsatstsafo, amma ruwan na dawa ne.

To, ga tambayar da ta daɗe tana damun masana. Don me dawa za ta fitar da abin da zai tono mata maƙiyi? Sai a shekarar 2005 wasu masu bincike a ƙasar Japan suka gano amsar. Ashe akwai wata irin funfuna a cikin ƙasa, dangin naman kaza, mai zare siriri kamar saƙar gizo. Ita abokiyar shuka ce. Takan shiga saiwa, ta miƙa zarenta nesa inda saiwa ba ta kaiwa, ta jawo mata abinci, musamman sinadarin nan da muke samu cikin takin supa, ita kuma shuka ta biya ta da zaƙi. Sinadarin da saiwa ke fitarwa, kiran wannan abokiya ne. Wuta-wuta laɓe kawai take yi, in an kira wani sai ita ta amsa.

A nan ne maganar ta shafe mu. Shukar da ta ƙoshi ba ta yawan kira. Wadda yunwa ta dama kuwa, a ƙasar da ta gaji, ita ce ke ɗaga murya, kuma gwargwadon kiranta gwargwadon irin wuta-wuta da zai farka. Tsofaffinmu sun daɗe suna cewa ciyawar nan ta gonar matalauci ce, ba a cika ganinta a gonar bayan gida inda ake zuba toka da kashin awaki ba. Gaskiya suka faɗa, dalilin ne kawai ba su sani ba. Ni a ganina duk wanda ke sayar da takin turkensa ga masu lambu ya bar gonar dawarsa haka, ya sake lissafi.

Abin dariya kuma, ana iya yaudararta. A shekarar 1956 aka ga wata 'yar'uwarta a gonakin masara a jihohin Karolina na Amurka, ba wanda ya gayyace ta. Hankalin gwamnati ya tashi, aka sa masana aiki. A 1966 suka fara ware sinadarin da ke tashe ta, kuma ba daga masara suka samo shi ba, daga saiwar auduga ne. Ita kuwa wuta-wuta ba ta iya rayuwa a jikin auduga. Watau auduga tana kira, irin ya tsiro, ya nemi abin kamawa ya rasa, ya mutu. Daga baya Amurkawa suka riƙa cusa wata iska cikin ƙasa da inji, irin iskar da ke nunar da ayaba da mangwaro, ita ma tana sa irin ya tsiro a banza. Sun yi shekaru da yawa suna fama kafin su rage ta saura kaɗan.

Mu ba mu da wannan inji, amma muna da auduga, da gyaɗa, da waken suya, da wake. Dukansu suna tayar da irin wuta-wutar dawa ba tare da sun ciyar da ita ba. Gonar da ta lalace a Tarai ko Rurum, in aka juya ta zuwa waken suya ko gyaɗa damina biyu, ana rage irin da ke kwance, ƙasa kuma tana samun ƙarfi. Kada dai a sa rai za ta ƙare a shekara ɗaya. Wake mai yaɗo tsakanin dawa ma yana taimako, gama ba ta son inuwa.

Sai dai a lura da wake. Shi ma yana da tasa wuta-wutar dabam, gajera mai kauri, wadda ba ruwanta da dawa. Maganinta ya fito daga nesa: wani waken gargajiya na ƙasar Botswana da ba ta iya kama shi. Masanan IITA na Kano da na Samaru a Zariya suka yi ta haɗa iri har aka sami waken da ke jure mata, irin su SAMPEA 10. Akwai kuma masara mai jurewa, kamar SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16. Shugabannin ƙungiya su tambayi malamin gona inda za a sami na gaskiya.

Yadda take yaɗuwa ma da abin lura. Mutane sukan ɗora wa iska laifi, amma masanan IITA da suka binciki hatsin da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya sun tarar da ƙwayoyinta manne a ciki. In an kwantar da dawa a ƙasa lokacin girbi, ko aka sussuke ta a gonar da ke da ita, ƙurar nan takan bi hatsi har buhu. Mutum ya sayi tiya biyu a kasuwa don shuka, ya kai wa sabuwar gonarsa da hannunsa. Shanun da suka yi kiwo a irin wannan gona su ma sukan ɗauke ta a ƙafa da ciki. Saboda haka zangarniyar da za a ajiye don iri, a yanke ta a tsaye, a sa a kwando, kada ta taɓa ƙasa.

Cirewa da hannu ba ta ceton amfanin bana sosai, na baɗi da na baɗin baɗaɗa take ceto. A cire ta da zarar ta fara fure, kafin ta yi 'ya'ya. Kada a yar a kunya, domin wadda aka tumɓuke da furenta tana iya ƙarasa nuna a kwance. A tara a buhu, a fitar da ita daga gona, a ƙone. Tun da ruwa yakan kwaso irin daga gonar tudu zuwa ta gangare, aikin mutum ɗaya ba ya isa. Kowace ƙungiya ta tsai da ranar gayya cikin Satumba, a bi gonakin 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, har da na gwauraye da tsofaffi da ba su iya sunkuyo. Bayan mako biyu a sake zagayawa, gama wasu za su fito a baya.