Tace Jita-jita a Kan Dokar Leda ta Jihar Legas

Tun ranar da labari ya iso Arewa cewa Gwamnatin Jihar Legas ta haramta leda, maganar take yawo daga bakin direban tirela zuwa teburin mai shayi, kowa yana ƙara mata gishiri, har ta kai 'yan'uwanmu masu neman halali a Agege da kasuwar Mile 12 suna tambaya ko tallan ruwan leda ma ya zama laifi. Saboda haka ya wajaba a tace wannan riwaya, a ware sahihinta daga ƙagaggenta.

Abin da ya tabbata shi ne, a watan Janairu na 2024 Kwamishinan Muhalli, Tokunbo Wahab, ya yi shelar hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso, wanda ake kira tekawe. Sa'an nan daga 1 ga Yuli, 2025 aka fara zartar da hukunci a kan cokula da kofunan roba na yarwa, da tsinken zuƙar lemo, da ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba, wato irin shara-sharar nan da ake ƙulla sukari ko ƙosai a ciki.

Amma cewa an hana ruwan leda da na gora, wannan ƙanzon kurege ne, domin hukuma ta fito ƙarara ta bayyana cewa ba sa cikin haramcin, haka ma leda mai kauri. Abin da aka ɗora wa kamfanonin da ke yin su shi ne su ɗauki kasonsu na nauyin tattara sharar da hajarsu ke haifarwa. Masu cewa dokar ta hau kan Kano da Kaduna su ma sun yi kuskure, gama hukuncin jiha ba ya ƙetare iyakarta. Mai yiwuwa sun cakuɗa shi ne da makamancin matakin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka a 2024, wanda ya taƙaita ga ma'aikatunta.

Akwai kuma masu raɗa cewa manufar ita ce ƙuntata wa talaka. Haƙiƙa mai sayar da abinci a bakin titi ya ji jiki, tun da mazubin takarda ya fi tsada, kuma ba na ganin adalci ne a musanta masa kukansa. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa bakin lambatu a Legas bayan an ɗauke ruwan sama, ya ga yadda fararen tekawe suke cunkushe bakin kwalbati kamar an zuba auduga, ruwa ya rasa hanya ya juya cikin shagunan mutane yana jiƙa buhunan shinkafa, zai fahimci maslahar da aka duba. Birni ne da ke kwance dab da teku, kuma wannan soso ba ya ruɓewa, sai dai ya farfashe ya bi ruwa.

Ɗan kasuwar da zai sari leda a Legas a yau, ya tambayi dila kaurinta kafin ya biya kuɗi, domin kayan da aka kama a shago kwashe su ake yi.