Mene ne gyaran tsofaffin jirage a manhajar kwaikwayon tuƙi?

Manhaja irin Microsoft Flight Simulator, da ta fara fitowa a 1982, tana ba mutum damar tuƙa jirgin sama a kwamfuta yana zaune a ɗakinsa. Akan ƙara mata tsofaffin jirage kamar Douglas DC-3, wanda ya fara tashi a Amurka a 1935.

A cikin masu gyaran waɗannan jirage, wani fenti kawai yake sakewa. Wani kuwa yakan buɗe fayil ɗin da ke ɗauke da nauyin jirgin da ƙarfin injinsa, ya canza lamba ɗaya, ya tashi, ya sauka, ya sake gwadawa, har gudun ya dace da littafin matuƙa na asali. Wannan shi ne aikin da ya fi daraja, kuma masu son tarihin jirage ne ke cin moriyarsa.

Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin fayil na asali.