Sabon Babur Mai Aibi: Wa'adin Wata Uku

Duk wanda ya san ƙasar Maradun da Bakura da Talatar Mafara ya san babur ba kayan ado ba ne a wannan yanki. Shi ne jakin manomi, shi ne dokin malamin makaranta. Mutumin Janbako ya sayar da amfanin gonarsa, ko ya tara albashin watanni, ya sayo sabo fil. Bai yi mako biyu ba inji ya fara shan baƙin mai. Ya kai wa bakanike a gyara, jibi ciwon ya sake tashi. In ya koma wurin dila, sai a nuna masa rubutun ƙasan rasit, wai abin da ya fita ba ya dawowa. Sai ya haɗiye takaici, ya yi haƙuri.

To, mu dai a ganinmu wannan haƙuri ba a muhallinsa yake ba, domin hasara ce wadda doka ba ta ɗora wa kowa ba. A farkon 2019 aka sa hannu a kan Dokar Tarayya ta Gasa da Kare Masu Saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin majalisar da aka kafa da dokar soja ta 1992. Sashe na 132 na dokar ya ce wanda ya sayi kaya ya iske ba su da inganci yana da ikon mayar da su cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tara, kuma ɗawainiyar mayarwa tana wuyan mai sayarwa. Shi kuwa tilas ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Babur da keke mai ƙafa uku da mota duk kaya ne. Wancan rubutu na ƙasan rasit ba ya soke doka.

Wannan hukunci ba baƙo ba ne gare mu. Tun kafin zuwan Turawa alƙalai suke raba gardamar dabba mai ɓoyayyen aibi, gama a fiƙihun Malikiyya mai saye yana da zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma malamai sun gindaya sharaɗi wanda ya kamata a lura da shi ƙwarai: wanda ya ga aibin, sa'an nan ya ci gaba da hawa ba bisa larura ba, an ɗauka ya yarda ke nan. Nan ne mutanenmu suke faɗuwa. Ana ta lallaɓawa, yau wannan bakanike, gobe wancan, har wata uku su shuɗe, dila kuma ya sami bakin cewa a waje aka ɓata masa inji.

A Amurka, tun daga jihar Konetikat a 1982, an yi dokoki masu ƙidaya: in an gyara aibi guda sau huɗu bai warke ba, ko mota ta kwana 30 a gareji, sai musanya ko kuɗi. Tamu ba ta yi wannan ƙidaya ba, saboda haka takarda ce kaɗai shaidar mai saye.

Nan ne aiki ya faɗo kan malamai da akawuna, tun da ku ake kawo wa wasiƙa a rubuta. Ku duba rasit ya nuna sunan shago da kwanan wata da lambar inji. Ran da aibi ya bayyana a mayar da babur wurin wanda ya sayar, kada a kwance shi a bakin hanya. A rubuta masa takarda mai bayyana aibin da abin da ake nema, a riƙe kwafi, kowace komawa kuma a sa kwanan watanta. In ya ƙi, a kai kuka ga FCCPC, ko a tafi kotu da takardun nan a hannu.