Wasannin Kwamfutar Hannu: Wanne Ne Ke Koyar da Yaro Karatu?

A shagunan manhajoji na Google da Apple akwai dubban wasannin yara da aka jera a rukunin ilimi. Mai manhajar ne da kansa ke zaɓar rukunin da zai ajiye hajarsa, kuma ba a neman ya kawo shaidar cewa wani yaro ya taɓa koyon harafi ɗaya da ita. Uwar da ta miƙa wa ɗanta waya ko kwamfutar hannu don ta samu ta ɗora tukunya, idan ta hango haruffa da lambobi suna tsalle, sai hankalinta ya kwanta cewa karatu ake yi. Sau da yawa kuwa ciniki ake yi. A 2018 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka, cikinsu har da likitar yara Jenny Radesky, suka duba manhajoji 135 da aka yi wa yara 'yan shekara 5 zuwa ƙasa, suka tarar kashi 95 cikin ɗari na ɗauke da talla. A wasu ma, ɗan tsanan da yaro ya shaƙu da shi ne ke lallashinsa ya sayi ƙarin kaya. Duk da haka, wanda ya ce wasannin nan duka shirme ne ya yi gaggawar yanke hukunci. Akwai waɗanda ke koyarwa, kuma ana iya gane su.

Shaida mafi ƙarfi daga Tanzaniya ta fito. Gasar Global Learning XPRIZE, wadda Elon Musk ya zuba wa dala miliyan 15, ta raba kwamfutocin hannu ga yara kusan 2,700 a ƙauyuka 170 na yankin Tanga, aka girka musu wuraren caji na sola, aka bar su da na'urorin wata 15. Yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ba sa iya karanta kalma ɗaya ta Swahili. Da aka kammala gwajin a 2019, wannan adadi ya ragu da kusan rabi, aka raba babbar kyautar tsakanin manhajar Kitkit School da ta ƙungiyar onebillion. A nan gida ma an gwada. Wani binciken Bankin Duniya a ƙauyukan Kano da Jigawa ya bai wa gidaje wayoyi ɗauke da wasan Feed the Monster da littattafan yara cikin Hausa. Yaran, 'yan shekara 6 zuwa 9, sun zarce takwarorinsu da ba a bai wa ba a karatu da lissafi, har yayyensu da ke gidan ma sun ƙaru.

Abin da ya haɗa gwaje-gwajen nan shi ne harshe da tsari. Yaron Tanga da Swahili aka yi masa magana, na Jigawa da Hausa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin koyon karatu shi ne ɗaura sautin da kunne ya riga ya sani a kan alamar da ido ke gani. Rubutun boko na Hausa ya sauƙaƙa aikin: a kusan ko'ina harafi ɗaya sauti ɗaya ne, yaron da ya kama "ba" da "ka" zai haɗa "baka" da kansa. Idan kuwa wasan Turanci ne, an ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙon rubutu, sai ya koma danne-danne har ya dace da abin da ke sa a yi masa tafi. Sai tsari. Wasa mai kyau yana tafiya ne kamar malamin allo, wanda ba ya rubuta wa almajiri sabon darasi sai ya biya na jiya daidai. Yana gyara kuskure nan take, yana maimaitawa ba gajiya, abin da malamar da ke gaban yara tamanin ba za ta iya yi wa kowannensu ba, komai ƙwazonta.

Masu shakka kan kawo misalin Peru, kuma suna da hujja. Ƙasar ta raba dubban ɗaruruwan ƙananan kwamfutoci a shirin One Laptop per Child, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya fitar a 2012, a makarantun karkara 319, bai ga ƙaruwa a lissafi ko harshe ba. Sai dai idan aka duba da kyau, misalin yana ƙarfafa maganar ne. A Peru ƙarfe aka raba, ba a ɗaura shi da darasin da ke hawa mataki-mataki ba. Duk gwamnatin da ke shirin bikin raba na'urori a gaban 'yan jarida ya kamata a fara tambayarta me ke ciki, da wane harshe, wa zai gyara idan gilashin ya fashe.

Ƙorafi na biyu na lafiya ne, kuma a nan shekaru ne ke raba gardama. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon na'ura, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Tun a 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta nuna cewa jarirai 'yan wata 9 sun koyi bambance sautukan Sinanci daga mutumin da ke zaune a gabansu, amma ba su koya daga bidiyon irin mutanen ba. Don haka duk manhajar da ke alkawarin mayar da jariri haziƙi, a bar mata kayanta. Nasarorin da aka ambata a sama duk a kan yaran da suka isa koyon karatu aka same su.

Saura fargabar cewa na'ura za ta kori malami. Abin da ke faruwa a Malawi bai nuna haka ba. A gwajin da Nicola Pitchford ta Jami'ar Nottingham ta yi a wata firamare a Lilongwe, yara sun yi minti 30 a rana da manhajar lissafi cikin harshen Chichewa tsawon mako 8, a cikin makaranta, ƙarƙashin kulawar manya. A 2023 gwamnatin ƙasar ta fara faɗaɗa tsarin da niyyar kai shi dukkan firamarenta. Lokacin ƙayyadadde ne, sauran yinin kuma na malami ne da littafi da filin wasa. A gida ma haka ya dace: a zauna kusa da yaro, a kashe data don toshe yawancin tallace-tallace, bayan rabin awa a karɓe na'urar, a rubuta masa harafin da ya gani a takarda a ce ya karanta. Idan mako biyu suka wuce bai iya gane shi a wajen wasan ba, a goge manhajar a nemi wata.