Yadda ake shigar da 'ya'yan unguwannin da aka rushe cikin aikin tsara birane a Amurka

Tsakanin 1956 da 1968, hukumomi a jihar Minnesota da ke Amurka sun ratsa tsakiyar unguwar Rondo ta birnin St. Paul da babbar hanya mai lamba 94. A lokacin, Rondo ce cibiyar baƙaƙen fatar birnin. Ɗaruruwan iyalai sun rasa gidajensu, shaguna da dama sun tashi, unguwar kuma ta rabu gida biyu.

Haka aka yi wa unguwar Overtown a Miami, da Black Bottom a Detroit, da titin Claiborne na New Orleans. Ƙwararru ne suka zana waɗannan hanyoyi a kan taswira, kuma da wuya a samu ɗan unguwa a teburin da aka yanke shawarar.

Wannan tarihi ne ya sa jami'o'i da ƙungiyoyin ƙwararru da wasu hukumomin birane suka ɓullo da tallafin karatu da guraben horo na musamman, domin matasan al'ummomin da aka daɗe ana bari a baya su shiga aikin tsara birane.

Tushen matsalar

A shekarun 1930, wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya, HOLC, ta zana taswirar birane sama da 200. Unguwannin da ta ɗauka masu hatsari ga masu ba da bashi, waɗanda da yawansu na baƙaƙen fata ne da baƙin haure, ta shafa musu jan launi. Unguwar da bashi ba ya shiga, gidajenta sukan lalace, darajarsu ta faɗi.

Daga baya dokar gidaje ta 1949 ta ba birane kuɗin rushe unguwannin da aka ce sun lalace. A 1956 Shugaba Dwight Eisenhower ya sanya hannu kan dokar gina manyan hanyoyi masu tsawon mil 41,000. Masu zane sun nemi fili mai arha da mutanen da ba su da ƙarfin faɗa-a-ji, sai hanyoyin suka bi ta kan unguwannin talakawa.

Tun a lokacin an samu masu adawa daga cikin gida. A 1965 masani Paul Davidoff ya wallafa wata maƙala da ya ce ya kamata talakawa su samu nasu mai tsara birni, kamar yadda wanda ake ƙara ke samun lauya. A Cleveland kuwa, Carl Stokes, wanda aka zaɓa magajin gari a 1967, ya ɗauko Norman Krumholz ya shugabanci sashen tsare-tsare. Krumholz ya shafe shekara 10 yana fifita buƙatun marasa galihu, musamman sufurin waɗanda ba su da mota.

Duk da haka, sai a 2011 Ƙungiyar Masu Tsara Birane ta Amurka, APA, wadda aka kafa a 1978, ta samu baƙar fata na farko a matsayin shugaba, wato Mitchell Silver.

Abin da tallafin ke ƙunsa

Hanyar shiga wannan aiki tana da tsada. Yawancin ma'aikatu sun fi son mai digiri na biyu, wanda ke ɗaukar shekara 2. Bayan haka, mai digirin daga jami'ar da aka amince da ita yana buƙatar gogewar aiki ta shekara 2 kafin ya samu shaidar ƙwarewa ta AICP. Matashin da iyayensa ba su da hali yakan tsaya tun a matakin farko.

Shirye-shiryen tallafin sun bambanta, amma galibi suna rage kuɗin makaranta, su biya alawus, sannan su tura matashi ofishin tsare-tsare na wani birni ko wata ƙungiyar raya unguwa. A can yake koyon nazarin taswira, da rubuta rahoto kan neman izinin gini, da jagorantar taron jin ra'ayin jama'a, ƙarƙashin wani ƙwararre da ke yi masa jagora.

Ɗaya daga cikin sanannun misalai shi ne tallafin Judith McManus Price na APA, wanda aka kafa domin mata da ɗalibai 'yan tsiraru masu niyyar aiki da gwamnati. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ita ma ta taɓa gudanar da shirin karatu haɗe da aiki ga ɗalibai marasa ƙarfi da 'yan tsiraru.

Masu goyon baya na cewa amfanin ya wuce samar wa matashi aiki. Wanda ya tashi a unguwa ya san tashar motar da ma'aikatan dare ke jira, ya san layin da ruwa ke cinyewa duk damina, ya kuma san cewa taron da aka sa ƙarfe 10 na safe ranar aiki ba zai samu mai aikin awa-awa ba.

Guguwar shari'a

A ranar 29 ga Yunin 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a shari'ar da ta shafi jami'o'in Harvard da North Carolina. Bayan watanni biyu, ƙungiyar Edward Blum, wanda shi ne ya jagoranci waccan ƙara, ta maka wasu manyan kamfanonin lauyoyi biyu a kotu kan guraben horon da suka ware wa 'yan tsiraru. Kamfanonin sun sauya sharuɗɗansu, aka janye ƙarar.

A Janairun 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya ba da umarnin rufe shirye-shiryen daidaita wakilci a gwamnatin tarayya.

Hujjar masu adawa ita ce, hana mutum neman gurbi saboda launin fatarsa wariya ce, ko wace ce manufar. Ɗaya ɓangaren na ganin giɓin da doka ta haifar ba zai cike da kansa ba.

Wannan ya sa cibiyoyi da dama suka buɗe ƙofa ga kowa, suka koma duba ƙarfin aljihun iyaye, da unguwar da mai nema ya tashi, da ko shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a.

Sauran rina a kaba

Ko da matashi ya samu gurbin, ba shi ke yanke hukunci ba. Mai tsara birni shawara yake bayarwa, kansiloli da magajin gari ne ke amincewa ko su yi watsi da ita. Kuma horon shekara ɗaya ko biyu ba ya tabbatar da aikin dindindin.

Aikin gyara dai yana nan jibge. Dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 1 domin sake haɗa unguwannin da hanyoyi suka raba. Birnin Rochester ya riga ya cike wani sashe na hanyar da ta yi wa tsakiyarsa zobe, aka gina gidaje a wurin. Syracuse na aikin sauke gadar hanya mai lamba 81, yayin da mazauna Rondo ke neman a yi wa hanyarsu rufi a gina unguwa a samanta.

Kowanne daga cikin waɗannan ayyuka zai ɗaga darajar filaye, kuma hayar gida na iya fin ƙarfin tsofaffin mazauna. Waɗanda za su rubuta ƙa'idojin hana hakan su ne ma'aikatan da ake ɗauka a ofisoshin tsare-tsare a yau.