Noti ɗaya kan kashe tukunya: Darasi daga masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa

Da zarar kaka ta yi a ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa da ke kudancin Jihar Katsina, aikin masu walda kan ƙaru. Cikin abin da suke haɗawa har da tukwanen turara shinkafa, waɗanda ake yi da duro a sa musu faranti mai huji-huji a ciki domin tururi ya ratsa shinkafar.

Mai saye kan duba kaurin ƙarfe da kyan walda, amma ba kasafai yake tambayar irin bol da notin da suka riƙe hannun tukunyar ko farantin ba. Daga nan kuwa ɓarna take farawa.

Wannan matsala ce da wasu masu sha'awar ƙere-ƙere a Ingila suka daɗe da sani. Sukan ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da tururi, kwatankwacin manyan da suka riƙa bi ta Funtuwa bayan layin dogo na Zariya ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Da jan ƙarfe suka fi yin tukunyar jirgin, kuma suna tsantseni wajen zaɓar duk abin da zai taɓa ruwan zafi.

Tagulla iri biyu ce. Wadda aka haɗa da tutiya ba sa sa ta cikin ruwan tukunya, domin ruwan zafi kan zuƙe tutiyar a hankali, notin ya zama ga shi nan a ido amma ya ruɓe ta ciki. Wadda aka haɗa da kuza ita suke amincewa da ita.

Darasi na biyu shi ne, idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwa, ɗaya kan ci ɗaya. Bol ɗin baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfe kan yi tsatsa da wuri. Notin tagulla a tukunyar sanholo kuma jikin tukunyar yake hudawa. Ko bol mai rufin tutiya, kariyarsa kan ragu idan zafin ruwa ya haura digiri 60, alhali ruwan turara tafasa yake yi.

Saboda haka abin da ya fi shi ne bol ya zama jinsin ƙarfen tukunyar, a kuma riƙa kwance shi ana dubawa kafin kowace kaka. Kada a ɗaure murfi da bol har tururi ya rasa mafita, domin tukunyar na iya fashewa.

Araha ba ta ado. Idan hannun tukunya ya ɓalle ana tsaka da sauke ta, asarar ba ta tsaya kan shinkafa ba. Matar da ke tsaye a bakin murhu ce tafasasshen ruwan zai fara samu.